Wanda Ya Buɗe Kwamfutar Ningrum

Saura kwana tara a yi wa mamatanmu addu'ar kwana dubu, na buɗe ɗakin karatu da safe, na danna kwamfutar Ningrum, sai ta kawo baƙin allo da layin rubutu guda ɗaya. Na kashe, na sake kunnawa. Haka dai. Na jijjiga wayoyi, na canja soket, duk dabarar da tsohon malamin firamare ya sani na yi. Da na gaji, na kwance murfin gefe na leƙa. Inda faifan ajiya yake zama wayam ne, wayoyinsa biyu suna lilo.

Na zauna a ƙasa.

Abin da ya rage mana na tsohuwar unguwarmu, Kaliwungkal, duk yana cikin faifan nan. Ranar da tudu ya zaftaro, gida goma sha huɗu ya binne, da mutum talatin da ɗaya, da duk wani hoto da ke jikin bango ko cikin akwati. Ningrum, 'yar Pak Kardi tela, ita ta haɗa kwamfutar da hannunta, tana sayo kayan ɗaya bayan ɗaya a birnin Wonosobo. Shekara biyu ta yi tana bi gida-gida da kyamara, tana naɗar hirar tsofaffi da waƙar yara. Kwamfutar ta tsira don a makaranta take, can ƙasa bakin rafi. Ita Ningrum ba ta tsira ba. Da muka koma sabuwar unguwa muka ajiye na'urar a ɗakin karatu, muka rufe da kwaɗon da muka ɗauko daga makarantar. Makulli ɗaya a hannuna, ni Tugiman da kowa ke kira Pak Guru, wato Malam, ɗaya a hannun mai unguwa, Pak Dirjo. Sau nawa aka ce a kwafi abin da ke ciki a ajiye wani wuri, kullum sai gobe.

Kafin hantsi ƙofar ɗakin ta cika. Mata na kuka, maza na kallon juna ta wutsiyar ido. Uban yarinyar, Pak Kardi, yana can nesa ƙarƙashin bishiya. Tun da aka gina ɗakin ba wanda ya taɓa ganin ƙafarsa a ciki. Kowa ya san shi da 'yarsa sun rabu dutse a hannun riga a kan na'urar nan.

Sai wani ya ce ai ranar kasuwa ya ga Cak Mahfud, ɗan gwangwan ɗin nan baƙo, mutumin tsibirin Madura, ya wuce ta nan da amalankensa. Maganar ba ta faɗi ƙasa ba. Kafin in isa samari sun kifar da amalanken, sun fasa masa baki, sun ce ba inda za shi sai ya fito da kayan mutane.

Ni kuwa na tafi kiran Warsini.

*

Mahaifin Warsini, Mbah Setro (Mbah muke ce wa dattijo), shi ne mai bin sawun aladen daji idan sun addabi gonakin rogo, kuma tun tana ƙarama take binsa. Daga baya ta yi shekara goma sha ɗaya a masana'antar kayan lantarki a Batam. Bayan tudu ya tafi da tsohon ta dawo gida, tana gyaran wayoyi a barandarta.

Ba ta taɓa komai ba da ta shiga. Ta duba kwaɗo, ta duba taga, ta durƙusa gaban na'urar da fitilar wayarta.

"Pak Guru, kai ka buɗe?"

"Ni ne."

"Sukuru nawa ka kwance?"

"Huɗu."

"Duk a ɗaure?"

"Tam."

"Ɓarawo mai ladabi," in ji ta. "Yaushe rabonka da share cikinta?"

"Au, ana share ciki?"

Ta juyo ta dube ni kamar na zagi uwarta. "Shekara kusan uku a ɗakin da ke bakin hanya, ga hayaƙin murhu ga ƙurar babura. Ya kamata in tarar da ƙura ta yi gashi kamar auduga. Leƙa ka gani."

Na leƙa. Tas, kamar jiya aka sayo.

Ta sa yatsa ta juya fankar baya, ta yi ta gudu ba ƙara. Ta kai hancinta kusa, ta daɗe. Sai ta yagi gefen farar takarda daga littafin baƙi, ta danna a bayan fankar, ta ninke ta sa a aljihu.

"Me kika gani?"

"Mbah yakan ce wanda ya yi saurin faɗin sunan dabba, sawun karensa yake bi. Mu je wajen mai fasasshen baki."

*

Cak Mahfud yana zaune a barandar masallaci, ya danne leɓe da tsumma. Samarin da ke gadinsa suka miƙo wa Warsini wani faifai da suka zaro daga buhunsa, suna huci kamar sun kama damisa.

Ta juya shi, ta nuna musu jerin ƙananan haƙoran da ke gindinsa. "Wannan ya girme ku duka. Ko liman ya ɗaura masa aure da kwamfutar can, ba za su shiga ɗaki ɗaya ba. Ku mayar masa da kayansa."

Ta zauna kusa da shi. "Cak, ranar kasuwa ka wuce ta ɗakin karatu?"

"Ta ina zan wuce, 'yar'uwa? Hanyar ɗaya ce."

"Ka ga wani?"

"Kaji. Kowa ya sauka kasuwa." Ya tofar da jini. "Ni da guduma nake buɗe kwamfuta. A kilo nake saye, a kilo nake sayarwa. Ina ni ina sukuru?"

Sai ya buɗe tafukan hannunsa ya nuna mata. "Kwana huɗu na yi ina tono tare da su a wancan tudun. Da hannun nan na ciro mahaifinki, na wanke masa fuska da ruwan gorata. Yau ni ne ɓarawon matattu."

Warsini ta dubi tafukan. Ta kama hannun nasa ta riƙe, sannan ta tashi.

*

Washegari muka je gidan mai unguwa. A hanya na gaya mata abin da mutane suka fara raɗawa. Akwai wata hira a cikin faifan da Ningrum ta naɗa saura kwana uku abin ya faru. Mbah Setro yana gaya wa Pak Dirjo cewa tsagar da ke kan tudu ta ƙara buɗewa, kuma aladu sun bar dajin gaba ɗaya. Pak Dirjo ya ce a bari a cire dankali tukuna kafin a kwashe mutane.

"Na sani," in ji ta. "Muryar ubana ce. Sau ɗaya na saurara."

Pak Dirjo ya kawo mana kofi da soyayyen rogo da kansa. Kofunan suna ta ƙara a kan faranti.

"Pak, ina makullinka?"

Ya ciro shi daga wuyansa, a jikin zare.

"Ka so faifan ya ɓace?"

Na ɗauka zai kore mu. Sai ya sunkuyar da kai. "Na so, Nduk, 'yata. Wallahi na so. Duk lokacin da aka ce za a kunna shi ranar addu'a, sai in yi fatan ya lalace. Har na taɓa tsayawa a ƙofar ɗakin da bokitin ruwa." Ya share ido. "Amma matata tana ciki. Tana tankaɗe, tana dariya, tana ce wa yarinyar kada ta ɗauke ta ba ɗankwali. In na zuba ruwa, ina zan sake jin wannan?"

Warsini ta ciro ƙaramin sukuru da sukundireba ta ajiye a gabansa, ta ce ya gwada ɗaura shi a jikin murfin rediyonsa. Sau uku sukurun yana faɗuwa ƙasa. Tun ranar tudu hannunsa bai daina rawa ba.

Da muka fito na ce, "To saura ni ke nan."

"Kai da ba ka san ana share ciki ba? Kwantar da hankalinka, Pak Guru. Jahilcinka ya wanke ka."

*

Bu Kasiyem, wato Inna Kasiyem, ta fi kowa zuwa ɗakin karatun. 'Ya'yanta biyu, Gilang da Retno, suna barcin rana lokacin da abin ya faru, ita tana gona. Duk Alhamis takan zo in buɗe mata hotunansu, ta zauna awa guda ba magana. Mun same ta tana yankan kabeji, wuƙar na sauka da ƙarfi.

"Bu, kin lura da wani abu a kwanakin nan?"

"Na lura. Mako uku ke nan tana wani ƙas-ƙas-ƙas a ciki, hoto ya daɗe bai buɗe ba. Na gaya wa wannan," ta nuna ni da wuƙa, "ya ce sanyi ne."

Warsini ta rufe ido. "Wannan ƙarar faifai ne yake mutuwa. Wa kika gaya wa kuma?"

"Wa ban gaya wa ba? Mai sayar da tempe na waken suya, liman, matar ɗan'uwana. Har Pak Kardi na gaya wa da na kai ɗinkin kayan addu'a. Shi ko ɗago kai bai yi ba, ya ci gaba da taka kekensa." Ta ajiye wuƙar. "Warsini, ki samo min shi. Na fara manta yadda kunnen Retno yake. Uwa ce ni, kuma na fara mantawa."

A bakin hanya Warsini ta ciro takardar nan daga aljihu, ta ɗaga ta a rana. Akwai ɗigon maiƙo a jiki.

"Gobe bayan la'asar ka tara min su a ɗakin karatu. Har da Cak Mahfud. Har da uban mai na'urar, yana da haƙƙin ya ji."

*

Ɗakin bai ɗauke mu ba, wasu suka tsaya ta taga. Cak Mahfud yana jikin bango, Pak Dirjo da Bu Kasiyem a benci. Pak Kardi ya zo, amma a bakin ƙofa ya tsaya, takalminsa a ƙafa, da ƙunshin atamfa a hammata.

Warsini ta juya buɗaɗɗen cikin na'urar wajen mutane.

"Tun farko kuka ɓata sawu," in ji ta. "Kuna neman wanda ya tsani abin nan, ko wanda zai sayar. Ku duba da kyau. Ba ƙura. Kuma ba sharar rana ɗaya ba ce, don har lungun da buroshi ba ya kaiwa sai an kwance allo, a share yake. Wani ya daɗe yana shigowa nan yana kula da ita, ba mu sani ba. Shi ya sa ta kai yau da rai."

Ta nuna fankar baya da yatsa.

"Fanka irin wannan, in ta shekara uku, sai ta fara gurnani. Maganinta a ɗaga 'yar takardar da ke bayanta, a ɗiga mai, a mayar. Masu gyara suna da nasu man. Mai babur zai sa baƙin mai, mace a kicin za ta sa na kwakwa, fankar ta daskare." Ta miƙa wa Bu Kasiyem takardar. "Bu, shaƙa ki gaya min."

Bu Kasiyem ta shaƙa. Ta sake shaƙa. Sai ta juya a hankali ta dubi ƙofa.

"Man keken ɗinki ne," in ji ta.

"Ban kira sunan kowa ba," in ji Warsini, muryarta ta yi ƙasa. "Kuma ba zan kira ba."

Pak Kardi ya cire takalmi ya shigo. Mutane suka dare masa. Ya ajiye ƙunshin a tebur ya kwance. Faifai biyu ne iri ɗaya sak, da wani ɗan akwati mai rami biyu, da littafi mai shuɗin bango, da makulli. Ina ganin littafin na gane shi. Ni da kaina na kai masa jakar Ningrum da ta bari a makaranta, ban buɗe ba. Ashe makulli na uku yana ciki.

"Komai ta rubuta," in ji shi, yana kallon tebur. "Yadda ake share ta. Yadda ake sa wa fanka mai. Da zane. Ranar ƙarshe da na gan ta na ce mata ta zaɓa, ko ni ko akwatin banza. Ta fita ba ta karya ba." Ya shafa bangon littafin. "Duk ranar kasuwa, in kowa ya sauka, sai in zo. Ban taɓa buɗe hoto ko ɗaya ba. Sharewa kawai nake yi, in tafi."

"Faifan fa, Pak?" in ji Warsini.

"Da Kasiyem ta ce yana ƙara, na duba littafin. Ta rubuta da jan biro: in ya fara ƙas-ƙas, a kwafe shi maza. Na je Wonosobo na sayo sabo irinsa, da wannan akwatin. Tsoho a rami na ɗaya, sabo a na biyu, a danna maɓalli. Shi ke nan. Na yi wa tsohon alama da allin ɗinki don kada in rikice." Ya ɗaga hannu ya kalle shi. "Sai na ga ƙura a jikinsa. Na goge da tsumma."

Wata mata ta saki salati ta taga.

"Fitilar akwatin ta biyu ta riga ta kama, kwafi ya yi nisa, lokacin da na hango ragowar allin a gefen wanda ke rami na biyu. Na fizge wuta. Na mayar da shi cikin na'urar, ba komai, sai na sake cirewa na tafi da shi gida. Wanda ba komai a cikinsa na kwafa a kan nata."

Cak Mahfud ne ya fara magana.

"Kana ƙarƙashin bishiya lokacin da suka fasa min baki, Pak."

"Ina nan."

"Kwana uku ina kwana a masallaci kamar akuyar da aka kama a gona."

"Na sani. Bakina ya ƙi buɗewa. Ka yafe min, Cak."

Cak Mahfud ya dube shi, ya dubi sauran mutanen ɗaya bayan ɗaya, ya ɗauki hularsa ya fita.

Bu Kasiyem ta tashi ta tsaya gaban telan. Na matso don kada ta kai masa hannu. Ba ta ɗaga murya ba ma.

"Ga Warsini nan, gida huɗu tsakaninku. Me ya hana ka kira ta?"

"Na so a ce abu ɗaya na yi wa yarinyar da hannuna."

"Ka yi," in ji ta. "Ka binne min su sau biyu."

*

Warsini ta ɗauki faifan ta kai gida. Ta ce rabinsa ya tafi har abada, sauran rabin kuma sai abin da Allah ya yi, don dama yana kan mutuwa. Kwana biyar na'urarta tana tsinto abin da ya rage, ta sa masa fankar tebur don kada ya yi zafi. Hotuna suka riƙa fitowa ba suna, ba tsari, wasu rabi hoto rabi toka-toka. Ni nake zama ina faɗin wane ne wane.

Cikin mutum talatin da ɗaya mun sami fuskar ashirin da biyu. Hirar Mbah Setro ba ta fito ba, dariyar matar Pak Dirjo ma haka. Da na gaya wa Pak Dirjo sai ya kifa kai a gwiwa, ban san wanne yake wa kuka ba. Warsini kuwa duk da rashin muryar ubanta, ta ci gaba da aiki. Cak Mahfud ya gyara amalankensa ya sauka, bai ƙara hawowa unguwarmu ba.

A rana ta ƙarshe wata 'yar guntuwar murya ta fito, ba ta kai minti ɗaya ba. Ningrum ce tana gwada makirfo, tana ƙirga, tana dariyar wani zakara da ya katse ta. Warsini ta sa a filashi, muka kai wa Pak Kardi shagonsa.

Ya tsayar da keken. Ya daɗe yana kallon abin a tafin hannunta.

"Na Kasiyem sun fito?"

"Ɗaya. Amma saman ya lalace."

"To ki ajiye, Nduk," in ji shi. Ya ci gaba da ɗinki.

Ranar addu'ar aka jera hotunan da aka wanko a jikin bangon ɗakin karatu. Mutane suna bi suna shafawa, suna kiran suna. Na Bu Kasiyem ban manna ba, na rasa yadda zan yi da shi, sai na riƙe a ambulan. Bayan an shafa fatiha ta zo ta miƙo hannu.

Daga sama har ƙasan gwiwa toka-toka ne. Abin da ya rage ƙafafu huɗu ne a kan dakalin tsohon gidanta, cikin silifas, da laka a yatsu.

Ta kai shi wajen haske. Ta daɗe ƙwarai.

"Na hagun Gilang ne," in ji ta. "Ka gani, Pak Guru, ya sake sa takalmin a juye. Kullum sai na yi masa magana."